Iskokin Arewa a Kan Takarda: Yadda Mai Labarin Zane Zai Tunkari Gidajen Wallafa

Labarin zane, wanda ɗaliban makarantun boko na Nijar suka fi sani da sunan bede, lafazin da suka aro daga taƙaitaccen sunansa na Faransanci, hanya ce ta ba da labari da jerin hotuna waɗanda ake zanawa cikin akwatuna, ana binsu daga hagu zuwa dama kuma daga sama zuwa ƙasa, maganar mutanen cikin labarin kuwa ana rubuta ta a cikin ƴan da'irori da ke fitowa daga bakinsu. Wannan lacca ta taƙaita ne ga nau'i guda daga cikinsa, wato jerin labari mai fitowa kashi-kashi wanda ya shafi al'amuran ɓoye, kamar iskoki da mayu da tsafi da kurwa, kuma mai zaman kansa, ma'ana marubuci da mai zane ne suka ƙago shi da kansu ba tare da wani kamfani ko wata ƙungiyar agaji ta ba su kwangilar yinsa ba. Tambayar da ake son amsawa ita ce, matashin da yake zaune a Gesheme ko Tibiri ko Dogondutsi, wanda Allah ya hore masa hannun zane da kunnen sauraron tsofaffi, me zai ɗauka ya kai wa gidan wallafa, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa, kuma a bisa wane sharaɗi ya kamata ya sa hannu a takarda.

Dalilin da ya sa wannan magana ta dace da ƙasar Arewa, wato yankin da waɗannan garuruwa suke, fiye da wurare da dama shi ne, kayan labarin da masu zane na wasu ƙasashe suke wahalar ƙirƙira, a nan suna zube a bakin mutane. A kwarin Dallol Mawri, inda Gesheme take, tarihi ya haɗa Gubawa, waɗanda ake ɗauka su ne ƴan ƙasa masu riƙe da alƙawarin da aka ƙulla da iskokin daji, da Arawa, waɗanda suke danganta asalinsu da wani ɗan sarki daga Barno kuma suka riƙe sarauta. Daga wannan rabon aiki ne aka sami Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji a gefe guda, da Sarkin Arewa a Matankari da Samna a Tibiri a ɗaya gefen. A Lugu akwai dutsen Tunguma, wanda ake zuwa gabansa neman hukunci a kan abin da ya shige wa mutane duhu, kuma a shekarar 2006 Nijar ta sanya wurin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Akwai kuma tarkama, al'adar da ake ɗaukar gawar mai sarautar gargajiya a kan makara, masu ɗaukarta su yi ta tafiya har ta karkata ga wanda zai gaje shi, abin da duk mai zanen da ya san aikinsa zai gane cewa shafi biyu cur ne a buɗe, da ƙura da zufa da idanun jama'a, ba tare da an buƙaci ko kalma guda ba. Manazarta na waje sun daɗe da gane darajar wannan taska, domin Marc-Henri Piault ya wallafa littafinsa na tarihin Mawri a 1970, Adeline Masquelier kuma ta fitar da nata a kan borin Dogondutsi a 2001, amma waɗannan littattafai na jami'a ne, da harsunan da mafi yawan jikokin masu labarin ba su karanta su da su.

Abu na farko da editan gidan wallafa yake nema a labarin al'amuran ɓoye, edita kuwa shi ne ma'aikacin da ke tantance ayyukan da aka kawo ya zaɓi wanda za a zuba wa kuɗi, shi ne ƙa'idar duniyar labarin. Idan aljanin cikin littafi yana iya yin komai a kowane lokaci, to, babu fargaba, domin mai karatu bai san abin da zai ji tsoro ba, kuma labarin zai mutu tun kashi na biyu. Bori ya riga ya zo da nasa tsari mai tsauri. Wanda iska ke hawa ana kiransa doki, mace kuma goɗiya, kuma dangantakar kan fara ne da rashin lafiyar da ta gagari magani, sannan a yi girka, wato jinyar kwanaki da ake yi don a daidaita tsakanin mutum da iskar da ta kama shi, daga nan ya zama akwai bashi a kansa har ƙarshen rayuwarsa. Kowace iska tana da kiɗanta a goge ko garaya, da kirarinta, da tufafinta, da launin dabbar da ake yanka mata, kuma saukarta daga kan doki yana zuwa da atishawa. Doguwa ta daji daban take da Mariya mai son sukari da turare da kwalliya, kuma dukansu daban suke da Babule, iskokin da suka bayyana a wajejen 1925 a yankin Filinge suka bazu zuwa Arewa, masu kwaikwayon sojoji da kwamandojin Faransa suna wasa da wuta, waɗanda Jean Rouch ya ɗauki fim a kan ƴan uwansu a birnin Akara ya fitar a 1955. Mai zanen da ya riƙe waɗannan ƙa'idoji ya riga ya mallaki abin da edita zai yi ta tambaya a kai: wa ke bin wa bashi, me ke faruwa idan an saɓa alƙawari, kuma mene ne iyakar ƙarfin kowa.

An taɓa gwada ko labarin Arewa zai karɓu a kasuwar duniya, kuma ya karɓu. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki da toka a duk inda ta bi, ta yi karo da mutanen Lugu a zamanin Sarauniya Mangu, kafin ta wuce ta yi ɓarnar Birnin Ƙonni, sannan shugabannin nata biyu suka mutu a hannun sojojinsu a watan Yuli na wannan shekara. Abdoulaye Mamani ya mayar da wannan tarihi ƙagaggen labari da Faransanci, gidan L'Harmattan na birnin Paris ya buga shi a 1980, Med Hondo ya yi fim da shi a ƙasar Burkina Faso a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Mamani ya yi wa ƙasarsa babban aiki, domin shi ya fitar da sunan Sarauniya daga ƙauye guda zuwa bakin duniya, amma jarumar da ya zana, matashiya mai jan rundunar mayaƙa, ta yi nisa da Sarauniyar da mutanen Lugu suka sani, wadda ƙarfinta yake cikin keɓewa da tsafi da riƙon amanar ƙasa, kamar yadda Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Yamai ta yi bayani a nazarinta. Darasin da ke nan ga mai zane shi ne, duk labarin da ya bi ta hannun kasuwar waje sai an yi masa ɗinki daidai da jikin masu saye, kuma wanda bai shiga ɗakin edita da sanin abin da ba zai yarda a taɓa ba, zai fito da littafin da kakarsa ba za ta gane ba.

Kafin a kai ga ƙofa, wajibi ne a bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Maɗaba'a wuri ne mai injin buga takarda, wanda ake biyansa ya buga adadin da aka nema ya miƙa wa mai shi, daga nan ruwansa ya ƙare. Gidan wallafa kuwa shi ne yake zaɓen aiki, ya gyara, ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa, ya rarraba wa masu sayarwa, ya ɗauki asara idan an yi kwantai, sannan ya ba marubuci wani kaso daga kowane kwafi da aka sayar. Duk wanda ya kira kansa mawallafi amma ya nemi marubuci ya fara kawo kuɗi, aikin maɗaba'a yake yi da sunan wallafa, kuma matasa da yawa sun sayar da dabbar gida sun ƙare da kwalaye a ƙarƙashin gado saboda rashin sanin wannan bambanci. Adabin Hausa ya san hanyoyin biyu. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, littattafan da dukansu suka kai jarumansu ƙasar aljannu, wanda ya nuna cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko da al'amuran ɓoye aka yi masa wankan jego. Daga baya, tun daga shekarun 1980, marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba na ƙungiyar Raina Kama suka gaji da jiran kamfanoni, suka riƙa buga littattafansu da kansu kashi-kashi, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu, suna sayarwa a kasuwa, shagunan haya kuma suna kai su hannun wanda ba shi da halin saye.

Abin da ake kai wa gidan wallafa shi ne abin da ma'aikatan Nijar ke kira dosiye, wato tarin takardun da ke gabatar da aiki, kuma a wannan sana'a yana da siffar da aka saba da ita. Akwai wasiƙa gajeriya mai bayyana ko su wane ne masu aikin. Akwai jimla ɗaya ko biyu da ke ɗauke da ƙashin bayan labarin, irin wadda mutum zai iya faɗa wa abokin tafiya kafin mota ta tashi daga tasha. Akwai taƙaitaccen labarin gaba ɗaya a shafi guda, har da yadda ya ƙare, domin edita ba mai karatu ba ne da za a ja wa rai, ɗan kasuwa ne da ke son ganin kayan kafin ya taya. Akwai zanen manyan mutanen labarin ta gaba da ta gefe da ta baya, cikin fushi da dariya da tsoro, don a tabbatar cewa fuskar da aka gani a shafi na 3 ita za a gani a shafi na 90. Sai samfurin bango, sannan abin da ya fi kowane nauyi, wato shafukan da aka kammala tsaf, da tawada da rubutu, a jere kamar yadda za su fito a littafi. Kamfanin Image Comics na Amurka, wanda ya shahara da buga ayyukan masu zaman kansu, ya daɗe yana neman aƙalla shafi 5 gamammu tare da taƙaitawa ta shafi guda da samfurin bango, kuma ba ya karɓar rubutu zalla wanda ba shi da mai zane. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci ga marubutan Hausa, waɗanda suka fi masu zane yawa nesa ba kusa ba: marubucin da ba ya zane sai ya nemi abokin aiki tun daga tushe, su rubuta yadda za su raba haƙƙi da riba tun kafin a ga ƙwandala, saboda abota da yawa ta watse a ranar da kuɗi suka fara shigowa.

Yana da kyau a duba yadda shafin samfuri ɗaya zai kasance, domin a nan ne ake gane gwani. A ƙaddara labarin wani yaron mota ne da ke bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogondutsi zuwa Ƙonni, hanyar da direbobi suka daɗe suna ba da labarin matan da ke tsayar da mota da dare a kanta. Akwati na farko mai faɗi ne, ya ɗauki kan shafin duka: kwalta, da inuwar gawo, da fitilar mota ido ɗaya. Na biyu ƙarami ne, hannun mace da lalle da warwaro yana ɗage. Na uku direba ne yana taka birki yana cewa da yaronsa ya buɗe wa baiwar Allah. A na huɗu ta zauna, ta yi sallama, ba a nuna fuskarta ba sai gefen mayafi, yaron kuma yana shaƙar wani ƙamshi, wanda mai zane zai nuna da siririn layi mai lanƙwasa da ke zagaye hancinsa. A na biyar kuɗin mota ya suɓuce daga hannun yaron ya faɗi ƙasa. A na shida, wanda yake can ƙasan shafi ta hannun dama, ya sunkuya, ana ganin idanunsa kaɗai sun buɗe. Abin da ya gani ba ya cikin wannan shafi, sai mai karatu ya juya takarda da hannunsa sannan zai tarar da kofato a inda ya kamata ƙafa ta kasance. Editan da ya ga haka ya san cewa mai aikin ya fahimci sirrin sana'ar, wato tsoro yana zaune ne a ratar da ke tsakanin akwati da akwati da kuma a juyin shafi, kuma ya san cewa ƙamshin turare da lalle da sallamar matar ba daga wani fim na waje aka kwaso su ba. Kuskuren da ya fi yawa a ayyukan matasa shi ne su zana aljani da ƙaho da fukafukan jemage irin na littattafan Turai, ko jarumi mai gashi tsaye irin na Japan, alhali edita yana da ɗaruruwan irin waɗannan a kan teburinsa, abin da ba shi da shi kuwa shi ne Doguwa.

Tambaya ta biyu da ke zuciyar edita, ko da bai furta ba, ita ce ko waɗannan mutane za su iya kaiwa ƙarshe. Lissafin ba shi da wuya. Jerin da ke da kashi 6, kowane kashi shafi 24, ya kama shafi 144, kuma mai zanen da ke gama shafi ɗaya cikin kwana 2 yana buƙatar kwana 288 na aiki ba fashi, ban da damina da aikin gona da rashin lafiya da ɗaukewar wuta. Saboda haka wanda ya zo da alƙawarin kashi 50 yana nuna wa edita ne cewa bai taɓa gama ko ɗaya ba. Abin da ya fi shi ne labari mai kashi 4 zuwa 6 wanda ya rufe kansa, aka bar ƴar ƙofa a buɗe don ci gaba idan kasuwa ta nema. Haka Mike Mignola ya fara Hellboy a kamfanin Dark Horse a 1994 da kashi 4 kacal, yana ɗebo kayansa daga tatsuniyoyin Turai da na Rasha. Adadin shafi kuma ba a zaɓensa da ka, domin ana buga takarda ne a manyan faifai a naɗe, shi ya sa shafukan littafi kan kasance ninkin 4 ko 8 ko 16, kuma launi yana ninka kuɗin bugu, alhali baƙi da fari, ban da arha, ya fi dacewa da labarin dare.

Ƙofofin da ke buɗe ba su da yawa, kuma kowace da halinta. A Yamai akwai gidaje irin su Gashingo da suka saba buga littattafai da harsunan ƙasa, kuma a farkon shekarun 2000 an ga littattafan gidan Albasa da suka fito da tallafin Jamus, sai dai kasuwar irin waɗannan gidaje ta fi dogara ga makarantu da ayyukan yaƙi da jahilci, don haka mai dosiye sai ya nuna musu wa zai saya, ajin ƴan shekara nawa, kuma a kan farashin da uba a Gesheme zai iya cirewa. Dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 da ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa hujja ce da za a iya ɗorawa a kan tebur, tun da makaranta ba ta koyar da harshe da littafin nahawu kaɗai. Ta fuskar Najeriya, wadda iyakarta ke kusa da Gesheme ta ɓangaren jihar Kabi, can ne miliyoyin masu karatun Hausa suke, da dillalan littattafai na Kano da Zariya da Sakkwato, amma sai an yanke shawara a kan rubutu, domin Nijar tana rubuta ƴ mai lanƙwasa, Najeriya kuma tana sa ɗan waƙafi a gaban harafin, sannan a yanke shawara a kan karin harshe. Shawarar da ta fi ita ce a rubuta bayanin mai ba da labari da daidaitacciyar Hausa, a bar mutanen cikin labarin su yi Arewancinsu a cikin da'irorin magana, domin tsohuwar Lugu da ke magana da Kananci ƙarya ce da kowane kunne zai kama. A Legas akwai Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013, da bikin masu labarin zane da ake yi a birnin tun 2012. A Faransa ana son littafi mai shafi 46 zuwa 48 mai launi da bango mai tauri, kuma ƙofar ba a rufe take ga ƴan Afirka ba, tun da Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie ya fito a gidan Gallimard a 2005 ya ci kyauta a bikin labarin zane na Angoulême a 2006. Kowane gida yana da irin kayan da yake bugawa, kuma wanda ya aika labarin mayu ga mai buga littattafan ƴan firamare ya ɓata lokacinsa da na mutane.

Akwai tambayar da mawallafi na ƙasar Hausa zai yi wadda na Paris ba zai yi ba, wato me malamai za su ce. Wannan ba abin rainawa ba ne, kuma ba a amsa ta da ɗaga kafaɗa. Samuwar aljannu ba abin jayayya ba ce ga Musulmi, tun da akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani, amma yanka wa iskoki da neman biyan buƙata a wurinsu malamai sun hukunta shi shirka, wasu kuma suna da magana a kan zana abu mai rai. A Kano akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i tun 2001, kuma a 2007 an ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a, abin da har yau yake cikin tunanin duk mai zuba kuɗi a harkar. Mai dosiye ya kamata ya rubuta matsayinsa ƙarara a cikin wasiƙarsa: labari ne da ke nuna yadda mutanen wani wuri suka rayu kuma suke rayuwa, da liman da mai ruƙiyya da sarkin bori duk a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, ba littafin koyar da tsafi ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai haƙƙin masu abin. Ƴan bori da mutanen Lugu suna raye, sun sha zagi da kallon raini, kuma akwai abubuwan da ba su yarda baƙo ya gani ba, balle a zana a sayar. Ladabi da hankali sun wajabta a je a gaishe su, a faɗi abin da ake nufin yi, a bar abin da suka ce a bari, a kuma guji ɗaukar fuskar wani mai rai a manna wa maye, domin zargin maita a ƙauye yana raba aure kuma yana korar mutum daga garinsu.

Idan Allah ya sa edita ya ce ya karɓa, a nan ne haɗari mafi girma yake, saboda murna tana rufe ido. A 1938 wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da Superman ɗungurungum a kan dala 130, kamfani ya tara dukiyar da ba ta ƙirguwa, su kuwa suka tsufa cikin ƙunci, sai a 1975 aka yanka musu ɗan fansho aka mayar da sunayensu a kan aikin. Irin wannan ce ta sa manyan masu zane bakwai suka bar kamfanin Marvel a 1992 suka kafa Image a bisa sharaɗin cewa abin da mutum ya ƙago nasa ne, kuma ɗaya daga cikin ayyukan farko da suka fitar, Spawn na Todd McFarlane, labarin al'amuran ɓoye ne. Roye Okupe, haifaffen Legas, ya bi hanya mai tsawo: ya tara kuɗi daga masu karatu ta intanet, ya buga littattafansa da kansa tun 2015, ciki har da Malika wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, sai a 2021 Dark Horse ya ƙulla yarjejeniya da shi, lokacin da yake da kaya a hannu da jama'a a baya, wato lokacin da yake da bakin ciniki. Abubuwan da za a duba a takardar yarjejeniya sanannu ne. A ba da izinin bugu, kada a sayar da mallaka. A ƙayyade harshe da ƙasashe da shekaru, ta yadda wanda aka ba bugun Faransanci ba zai riƙe na Hausa ba. A ware haƙƙin fim da na katun da na fassara, kada su shige cikin jimla ɗaya mai cewa dukkan haƙƙoƙi. A rubuta kuɗin kafin alƙalami, wato abin da ake ba mai aiki tun kafin littafi ya fito, da kason da zai samu daga kowane kwafi, da lokacin da za a riƙa nuna masa lissafi. A kuma rubuta cewa idan littafi ya ƙare a kasuwa aka ƙi sake bugawa, haƙƙi ya koma hannun mai shi. Doka tana bayan mai aiki, domin Nijar tana cikin ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta OAPI da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, tana da dokar 2010 da ta kare haƙƙin masu ƙirƙira har da kayan al'adun gargajiya, kuma akwai ofishin BNDA a Yamai inda ake ajiye shaidar aiki, abin da ya kamata a yi tun kafin a tura wa kowa dosiye ta waya.

Mafi yawan dosiye ana mayar da su ne, ko a yi shiru, kuma wannan ba hukunci ba ne a kan baiwar mutum. Shigeru Mizuki na Japan, wanda ya rasa hannunsa na hagu a yaƙin duniya na biyu, ya tashi ne a ƙaramin garin Sakaiminato yana sauraron labaran iskokin ƙasarsu daga bakin wata tsohuwa mai taya gidansu aiki. Ya fara fitar da labarin Kitaro a 1960 ga shagunan hayar littattafai, irin dai waɗanda aka sani a Kano, cikin talaucin da ya kai shi jinginar da kayan ɗaki, sai a 1965 wata babbar mujalla ta ɗauke shi, a 1968 aka mayar da labarin katun na talabijin, littafin da ya zana a kan tsohuwar nan kuma ya ci babbar kyautar Angoulême a 2007. Yau garinsu yana cin abinci da baƙin da ke zuwa kallon gumakan iskokin da ya zana. Tsofaffin da suka san kirarin Doguwa da yadda ake tarkama suna nan a Gesheme da Matankari da Bagaji da Lugu, amma kowace shekara ana rage su. Ana kira ga malaman makarantu da shugabannin gundumomi da masu hali na Arewa su sama wa matasan da ke zane a bayan littafin lissafi takarda da tawada da ɗaki mai fitila, matasan kuma su je su durƙusa gaban tsofaffin nan tun suna da rai, su gama shafi 5 na farko kafin damina mai zuwa.